Zafi Ya Cinye Aikin Tsohon Mai Zane

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Shekara shida ke nan rabona da Maradi.

Tsohon Bayahuden da nake share wa ajin koyar da zane a nan unguwar Ulaya mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da ya yi tafiya, kafilina, wanda nake zaune a ƙasar nan a ƙarƙashinsa, ya ce in kashe na'urar sanyi, wai ɓarnar wuta. Zafi ya manne zane-zanensa da juna, aikinsa tun ƙuruciya. Yanzu kafili cewa yake, "Ni na sa ka?"

Jibi tsohon zai dawo, iƙamata, takardar izinin zamana, kuma tana hannun kafili. Ku sa ni a addu'a, a gaida kowa.

Zane huɗu kawai na ceto.