Gwiwar Zaharaddini da Wasan Ranar Lahadi

Daga: Mumuni Ayuba, manomi, Gazawa
Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Matasa da Wasanni, Gazawa
Talata, 12 ga Nuwamba, 2024

Game da: Watsi da atisayen kare rauni a ƙungiyar ƙwallo ta Taurarin Gulbi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina kawo kukana gabanka a kan ɗana Zaharaddini, mai shekara goma sha bakwai, ɗan wasan baya a ƙungiyar da aka ambata.

1. Tsohon mai horar da su, Malam Yasin, ya koyo wani atisaye a Maraɗi wanda suke yi kafin kowane wasa: tsayuwa da ƙafa ɗaya ido a rufe, tsalle a sauko gwiwa a lanƙwashe, da juyawa a guje ba tare da gwiwa ta karkata ciki ba. Ya ce wannan yana koya wa jijiya da nama su riƙe gaɓa kafin ta goce. Mu iyaye har dariya muka yi musu. Amma kaka biyu suka yi wasa babu yaron da aka ɗauko a amalanke.

2. Da aka yi wa Malam Yasin canjin wurin aiki a watan Satumba, aka ba Tala, tsohon ɗan kokawa, ƙungiyar. Ranar farko ya soke atisayen, yana cewa shi bai zo koya wa ƙarti langa ba. A maimakonsa kowane yaro yana saɓa ɗan'uwansa a kafaɗa ya yi gudu cikin rairayi. Ban raina kokawa ba, amma ɗan kokawa ba ya juyawa a guje.

3. Filin nasu gonar hatsi ce da aka girbe. Kunyoyi suna nan, ga kututturen kara. Ranar 26 ga Oktoba, Faruku ɗan maƙwabcina ya yi tsalle ya sauko ƙafa a miƙe bisa kunya. Ina bakin fili, da kunnena na ji ƙarar gwiwarsa. Maɗori ya duba ya ce ba karaya ba ce, ba shi da abin ɗorawa. Har yau da sanda yake zuwa lakol, wato makarantar boko.

4. Ranar 7 ga Nuwamba gwiwar ɗana ta dama ta kumbura. Ya ɓoye mini. Uwarsa ce ta lura ba ya iya durƙusawa a salla, kuma in ya taka, ƙafar tana zame masa kamar ba tasa ba. Tala ya ɗaure ta da robar tayar babur, ya ce namiji ba ya nuna ciwo, kuma ya sa sunansa cikin masu wasan Lahadi, 17 ga wata. Na je na roƙe shi, ya ce in bar masa aikinsa. Na hana yaron, ya sunkuyar da kai, amma na san zai je.

Ranka ya daɗe, tsoro nake ji ƙwarai. Duk sanda na ji sandar Faruku tana wucewa ta ƙofar gidana sai gabana ya faɗi.

Saboda haka ina roƙon alfarmar ka ba da umarni a rubuce a cire Zaharaddini daga wasan Lahadi har likita ya duba shi, a maido da atisayen Malam Yasin, kuma a baje filin kafin a sake taka shi. Maganarka za su ji, tawa ba su ji ba.

Na san in ɗana ya ji ni na kawo wannan ƙara zai daɗe bai dube ni ba. Na yarda. Gara ya yi fushi da ni yana tafe da ƙafafunsa biyu.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Mumuni Ayuba