Direban Katin Rediyon Nan Ba Maraya Ba Ne

Zuwa ga manyan da ke kula da kanel, zuciyar manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan iyalanku suna lafiya.

Ni sakandare kawai na gama, kuma ba wanda ya riƙe min hannu. Da gyaran rediyo na fara a Gyaɗi-Gyaɗi, na koma talabijin, sannan na koya wa kaina kwamfuta da littattafan gwanjo, ƙamus a gefe. Da sojoji suka koma bariki, shagunan intanet suka fara buɗewa a Tarauni, ni nake hawa rufi ina kafa musu eriya. Katin rediyon da ke kamo intanet ɗin na gwanjo ne, kamfaninsa ma ya rufe, manhajarku kuma ba ta san shi ba. Ni na zauna na rubuta masa direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane katin. Ni kaɗai.

Na ɗaya, da kuskurena zan fara. Wani Dakta da ke zuwa shagona na ba wa aikin ya tura muku, don Turancinsa ya fi nawa. Ya tambayi sunan da za a sa, na ce ya sa nasa. A wurinmu ba ka aiken babba sannan ka ɗora sunanka a saman nasa. Ladabi na yi. Ban san a wurinku sunan da ke saman fayil shi ne ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba.

Na biyu, da kuka tashi sauya hanyar da direbobi ke magana da kanel, Dakta kuka aika wa saƙo. Shi kuwa tuni aiki ya kai shi Abuja, akwatin saƙon nan ya daɗe da mutuwa. Da kuka ji shiru, kuka rubuta cewa direban maraya ne, kuka cire shi.

Na uku, na karanta gardamarku kaf. Wasunku sun ce tsohuwar hanya tana daskarar da kwamfuta, dole a rushe ta, wanda bai biyo ba a bar shi. Wasu sun ce abin da ke aiki ba a karya shi. Na farkon ba su yi ƙarya ba, na sha ganin daskarewar da idona. Abin da ya kashe min jiki shi ne wani a cikinku ya ce ba ya jin akwai mai amfani da katin nan a duniya, kuma a duk masu gardamar ba wanda ya musa.

To akwai. Madam Rifkatu, tsohuwar malamar makaranta mai shagon intanet a Unguwa Uku, ta sa faifan sabuwar manhajarku a makon da sakamakon jarrabawa ya fito. Ɗalibai sun cika baranda, kati ya ƙi motsi. Ni ta kira, ni kuma ta yi wa faɗa a gabansu. Na mayar mata da tsohuwar manhaja, amma tsohuwar manhajar nan kun daina toshe mata ramukan tsaro, Madam ba za ta zauna a kanta har abada ba. Irinta suna nan da yawa, duk ni suka sani.

Na gaji, wallahi. Duk da haka na sake rubuta direban bisa sabuwar hanyarku, wuta tana zuwa tana ɗaukewa, ga shi na haɗo da wasiƙar nan. Wannan karon da Hausa na rubuto, ku nemi mai fassara.

Roƙona ku mayar da shi cikin kanel. Ku ci gaba da gardamarku, ban hana ba, Allah ya ƙara muku basira, ya saka muku da alheri. Amma a saman fayil ɗin a rubuta: mai kula da shi, Shu'aibu Ɗanlami, Gyaɗi-Gyaɗi, Kano. Ranar da za ku sake rushe wani abu, ni za ku tambaya.

Wassalam.