Kujera Biyu Ce A Ɗakin, Taubashi

Daga Ƙauran Namoda, ƙarshen layin dogo kuma mafarin hikima, zuwa ga taubashina ɗan Gwaggo, sarkin sitiyarin hanyar Shinkafi da ta Zurmi, wanda a yanzu yake fake a Kaduna gidan ƙaninsa.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai tarin yawa, da tambayar lafiyarka da ta masu masaukinka, ina mai sanar da kai cewa saƙonka ya iso fadata, wato bencin ƙofar gidana. Ka ce an haɗa ka da wani likita mai zaman kansa, irin masu sauraron damuwar zuciya, an ba ka Litinin ta sama, kuma kana so in zo in yi masa bayanin ciwonka, tunda ni Allah ya hore wa baki. Ka ce in amsa ta jarida, don a tasha akwai direbobi masu irin lalurarka da ba za su taɓa tambaya ba. Na sakaya sunanka. Gyara zama.

Ka tuna shekarar da aka ba mu jihar Zamfara. Kowa na murna, ni kuwa na daina cin tuwo, na daina rubutu, har ta kai in an gaishe ni da kalma biyu nake amsawa. Wannan na ƙarshe shi ya tayar da hankalin dangi. An sha rubutu, an sha sassaƙe, an auna jini a Gusau ba a ga komai ba. Likitan can ne ya tura mu wurin wata likita mace a Kaduna mai ofishin kanta.

Kai ka tuƙa mu. Mu tara a bas ɗin da ka aro: Kawu na Ɗan Isa a gaba da carbinsa, Gwaggo da filas biyu na kunu da tabarma da buta, sai sauran 'yan rakiya, waɗanda rabinsu Kaduna kawai suke son gani. Haka muka gada. Marar lafiya ba ya tafiya shi kaɗai, kuma ba ya magana. Nishi ne nasa, bayani na dangi.

Da muka shiga, kujera biyu muka tarar. Kawu ya hau ɗaya, ni mai ciwon aka jingine ni da bango. Kawu ya ce iska ce ta tsamiyar bayan makarantar Sakajiki, inda na yi hedimasta. Gwaggo ta ce bakin mutane ne. Kai kuma, Allah ya shirye ka, ka ce boko ne ya yi mini yawa, kamar motar da aka yi wa lodi ya wuce kima. Matar nan ta saurari kowa, ta yi godiya, sannan cikin ladabi ta roƙi kowa ya fita ban da ni. Har gobe Kawu bai huce ba, duk sanda aka tuna sai ya ce: "Mi wagga yarinya tas sani? Ina anka taɓa ganin marar lahiya shi yi bayanin kainai?"

To ka fara da sanin wannan: kujera biyu ce. Ɗaya tasa, ɗaya taka. Ba a tanadi ta wakili ba.

Bayan awa guda na fito, mahaifiyarka ta laluba aljifaina huɗu tana neman magani. Babu ƙwaya, babu takarda, ko allura ba a yi mini ba. Ta ce an cuce mu, an karɓi kuɗi an yi hira. Kada ka ji tsoron fitowa hannu rabbana. In likitan ya ga kana buƙatar magani zai faɗa maka, ko ya tura ka wurin mai rubutawa, amma asalin aikin magana ce. Kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Ni sai da na san kowane rami tsakanin Gusau da Funtuwa, kamar yadda kai ka san na Zurmi.

Kafin ka zauna, yi tambaya irin wadda kake yi in za a ba ka motar da ba ka sani ba. Ina ya yi karatun aikin? Ya taɓa duba masu irin matsalarka? Zama nawa yake hasashe, kuma nawa ne kuɗin kowane zama? Ba rashin kunya ba ne, likitan kirki yana jiran waɗannan tambayoyi. Sai dai kada ka taya. Ni na taya, kamar ina gaban bijimi a karar shanu ta Shinkafi ranar Alhamis, aka yi mini murmushin da har yau in na tuna nakan gyara hula. In kuɗin ya fi ƙarfinka, faɗa a fili, ku tsara tazarar zuwa. In kuwa bayan 'yan zama ka ji ranka bai kwanta da shi ba, kana da ikon neman wani, ba aure aka ɗaura muku ba.

Akwai kuma maganar agogo. Da lokaci ya cika za a sallame ka, ko kana tsakiyar jimla. Ni, wanda limamai ke shakkar ba lasifika ranar ɗaurin aure, an sallame ni a tsakiyar karin magana. Ban mutu ba.

Yanzu da aka ƙaddamar da Shari'a, har motar haya an ware ta mata, na san abin da zai fara zuwa bakin 'yan tasha: keɓewa da mace. Naka namiji ne, ka huta. Wanda ya fi son jinsinsa ya nema tun farko. Ni a lokacina ƙofa rabi a buɗe take, ma'aikaciyarta na zaune inda take ganinmu ba ta jin mu. Kuma ba a taɓa ce mini in bar addu'a ba. In aka kira azahar, ita ma likitar tashi take yi. Ɗaure raƙumi bai taɓa hana tawakkali ba.

Batun sirri kuwa, tambaye shi da bakinka ka ji. Ni an gaya mini abin da na faɗa ba zai bar ɗakin ba, sai fa in ran wani na cikin haɗari. Kawu ya yi ta aike yana son rahoto, amsar da ya samu gaisuwa ce kawai.

Saura abin da ban taɓa gaya maka ba.

Zama uku na farko lacca na yi mata. Na ɗauko tarihin Zamfara tun daga Dutsi, na bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya, na shigo da jirgin ƙasa Ƙaura da hannuna. Tana sauraro, ina jin daɗi. A ƙarshen na uku ta yi tambaya ɗaya, wadda ta raka ni har gida: "Malam, a cikin tarihin nan duka, kai kana ina?"

A zama na huɗu na faɗa. Ranar da Inna, mahaifiyata, ta cika, ina wurin taron murnar samun jiha, an sa ni jawabi. Sau biyu aka aiko cewa tana kirana. Sau biyu na ce ga ni nan, in ƙarasa. Na ƙarasa, aka tafa mini, na iso gida an riga an rufe mata fuska. Kawu yana zaune kusa da ita ranar, kai ka kawo likkafani, amma babu ɗayanku da ya san abin da ke cin raina, don kowa cewa yake lokaci ne ya yi. Gaskiya ne lokaci ne. Amma sai da na faɗi wancan da bakina, na yi kuka a gaban baƙuwa, tuwo ya sake yi mini ɗanɗano.

Taubashi, kana gaya wa mutane ido ne ya hana ka tuƙi. Idon da ke karanta lambar mota tun tana kan gada? Tun ranar da motarka ta kwanta a kwanar Birnin Tsaba da shanu a ciki, Gwaggo ta ce hannunka rawa yake yi ko makulli ka ɗauka. Da yake ba a rasa ran mutum ba, kowa ya ce maka ka gode wa Allah, ka kuwa gode, sai ya zamana ba ka da bakin cewa har yanzu kana jin ƙarar. Mai motar ya gyara ta, ya ce zai jira ka zuwa bayan Sallah, daga nan zai ba wani.

In na shiga ɗakin nan, na rantse zan yi bayani mai daɗi. Likitan zai ji tarihin hanyar Zurmi da halin shanu, ya yaba, mu fito, kai kuma ka koma gida da abinka yadda ka zo da shi. Ba na cikin kan motar a ranar, ɗan'uwana. Kai kaɗai ne a ciki. Ba sai ka tsara magana ba. Fara ta tsakiya, yi in'ina, yi shiru, duk aikin ne.

Saboda haka ga hukuncin fada: zan zo ranar Lahadi. Litinin zan raka ka har bakin ƙofa, in riƙe maka hula in kana so. Daga nan zan zauna a waje in yi shiru na awa guda cur, abin da mutanen Ƙaura ba su taɓa gani ba, kuma ba zan yi wa kowa ba sai kai.

Allah ya kwance maka ƙirji, ya saki harshenka, ya tsayar da hannunka. Allah ya jiƙan Inna, ya ba Gwaggo tsawon ran da za ta sake jin hon ɗinka tun daga bakin gari. Amin.

Naka, wanda ya riga ka zama a kujerar,
Hedimasta mai ritaya, Ƙauran Namoda.