Kilo Uku a Katin Auta

Zuwa ga 'yar ɗakina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Yaya tarin ƙaramar, ya sake ta? Yaya aiki? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na san za ki ce ga waya a hannu, me ya kai ni ga takarda. Akwai maganar da in na buɗe baki sai ta maƙale min a wuya, kuma tun muna makarantar jinya kin san ni da haka.

Auta ce ta dawo gidana. Kin tuna ta, ƙanwar nan tawa da ke biyo Mama ranar ziyara tana cinye mana biskit. Bara ta yi aure, ga ta yau da ciki wata shida. An tura mijinta kwas na wata huɗu, gidansu kuma a hawa na huɗu yake, sai Mama ta ce ai gidan Yaya ya fi, ga asibiti kusa, ga yayarta ma'aikaciyar awon ciki. Ba wanda ya tambaye ni. Na share mata ɗakin da ke kusa da namu, wanda na yi wa fenti ruwan ƙwai shekara tara da suka wuce. Kin san don wa na yi fentin, kin kuma san bai zo ba.

Shekara goma sha biyu ke nan ina zaune a teburin bakin ƙofa, har mata sun manta sunana, Mai Sikeli kawai suke ce min. Su cire takalmi, su hau, in karanta, in rubuta a kati. Ranar Talata sai mu ga mata sittin. Ni ce mai faɗa musu me za su ci, yadda za su kwanta. In da kura na maganin zawo, ai da ta yi wa kanta.

Talatar da ta wuce Auta ta hau. Kafin ciki kilo sittin da biyu take, yanzu saba'in da uku. Ta ce, "Yaya, sikelin nan naki ya lalace." Matan kan benci suka kwashe da dariya. Sai ta faɗa hannun ƙaramin likitanmu, wanda muke kira Mai Sauri don ba ya ɗaga kai daga kati. Ƙofa a buɗe take, na ji komai. Ya ce, "Kilo goma sha ɗaya a wata shida? Ke kaɗai ce ko ku uku ne? Ki rage ci. A turo ta gaba." Bai tambaye ta me take ci ba, bai dubi fuskarta ba. Ta fito tana share hawaye da bakin mayafi.

Na tashi na dafa ta, na ce ta yi haƙuri, haka halinsa yake. Amma ga abin da ya sa na ɗauki biro: wallahi daɗi na ji. Kamar an zuba min ruwan sanyi a ƙirji. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda na goya.

A gida kuma madubina ya shiga uku. Ta tsaya tana jan damtsenta, tana kukan wuyanta ya cika, rigunanta sun ƙi shiga. Jiya ta juyo ta ce, "Yaya, ke kam kin huta, har yau kayan aurenki suna shigarki." Na huta! Da za a ba ni cikin nan, ko kilo hamsin ne a ɗora min, ko ƙofa ta daina ɗaukata, ba wanda zai ji bakina.

Kada ki yi min wa'azi, na san hassada ga mai rabo taki ce. Ki dai saurare ni. Ki gaida kowa.

Taki har kullum,
Mai Sikeli

*

'Yar ɗakina,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Wasiƙarki ta iso, na gode da ba ki zage ni ba. Na ji daɗi da ƙaramar ta warke.

Kin ce da sannu zan saba. Wata guda ke nan, abin gaba yake yi.

Tun ranar da Mai Sauri ya yi mata tatas, Auta ta daina cin abincin rana. Ta wuni da ruwan shayi, jiri yana ɗibarta, da yamma kuma yunwa ta kore ta zuwa kicin ta ci na mutum biyu. Ina gani, na yi magana sau ɗaya, ban sake ba.

Sai ga Babbar Likita ta dawo daga hutu, katin Auta ya faɗo gabanta. Kin san ta da natsuwa. Ta zaunar da ita, ta tambaye ta abin da ta ci tun daga karin kumallon jiya, ta sa aka gwada mata suga, ta auna cikin da tef, ta saurari bugun zuciyar ɗan. Suga lafiya lau. Da ta ji zancen barin abinci, ranta ya ɓaci. Ta ce mai ciki ba ta horon kanta da yunwa, nauyin ya ɗan haura amma ba laifi ta aikata ba. Ta ce ta bar lemon kwalba, ta ci kaɗan-kaɗan sau biyar, ta taka ƙasa rabin awa bayan abinci. Da yake cikin fari ne, kuma Mama tana da hawan jini, ta ce ta riƙa zuwa duk mako. Sannan ta kira ni ta ce, "Ga ki a gida, ki sa mata ido."

Minti ashirin da biyar suka yi, ina duban agogo. Wannan likitar ce fa ta duba ni shekara bakwai a kan neman haihuwa. A kan kujerar nan ta riƙe hannuna ta ce sun yi iyakar ƙoƙarinsu, sauran sai Allah. Yanzu ga ta riƙe da hannun Auta suna dariya. Har wannan ma sai da ya tsaya min a rai.

Gidana kuwa ya zama gidan Auta. Maigidana Malam, wanda bai taɓa sanin inda ake sayar da kankana ba, kullum sai ya shigo da ita a leda in ya taso daga makaranta. Ya ɗauke gwangwanin suga daga kan tebur, wai kada ta gani ta yi sha'awa, ni ma sai in sha shayina salam. Ba na zarginsa da komai, ƙanwa ya ɗauke ta. Amma shekaranjiya ta wanke kayan jarirai ta shanya, na leƙo ta tagar kicin na gan shi tsaye gaban igiya, ya sa yatsu biyu cikin wata 'yar safa yana kallo. Bai san na gani ba. Mutumin nan bai taɓa yi min gori ba ko da wasa, kuma da ma gorin ya yi min, da ya fi min sauƙi.

Mama kuma in ta kira: yaya Auta, ta ci, ta taka, ƙafar ta sauka? Can a ƙarshe, "Ke ma lafiya ko?" Kafin in amsa ta kashe.

Ki sa ni a addu'a. Gaisuwa ga maigidan.

Taki,
Mai Sikeli

*

'Yar ɗakina,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi, a bencin ƙofar ɗakin masu jego. Auta tana ciki, an yi mata tiyata jiya da safe. Tana da rai. Ɗan ma yana da rai, namiji, yana cikin kwalbar bakwaini. Sauran kuma ke kaɗai zan faɗa wa.

Ranar Talata da safe ta fito tana riƙe da kai, ta ce tun jiya yake sara mata. Takalminta ya ƙi shiga, ta ja silifas ɗin Malam. Fuskarta ta yi suntum, idanun sun ƙanƙance. Na ce mata barci ne ya yi yawa.

A asibiti ta hau sikeli. Ƙarin kilo uku a mako ɗaya. Ke ma'aikaciyar jinya ce, ba sai na faɗa miki ba: ba abincin da ke sa wannan a kwana bakwai, ruwa ne ke taruwa. Ga kumburi, ga ciwon kai, ga wata takwas. Ɗaliba 'yar shekarar farko ta san jijjigar masu ciki ce ke sallama. Na rubuta lambar da hannuna. Abokiyar aikina ta auna jininta, ya tsaya a kan iyaka, ta rubuta ta wuce, ita ba ta san zancen ciwon kai ba. Babbar Likita tana ɗakin tiyata, sai Mai Sauri.

Ya dubi katin ya ce, "Ba na ce ki rage ci ba? To ki ci gaba, ranar haihuwa za ki gane." Bai sa a gwada fitsari ba, bai danna ƙafarta ba. Ita kuma kunya da tsoronsa suka hana ta ambaton kan.

Taku biyar ne daga teburina zuwa ƙofarsa. Kalma uku ta isa: kanta yana ciwo. Na miƙe, har na ajiye biro, sai ta fito tana tura baki, ta ce, "Ni wallahi na gaji da cikin nan, ya ɓata min jiki, da na sani da ban yi ba." A gabana, a gaban sikelin nan. Na ce a raina, to ki ji a jikinki. Na koma na zauna, na kira ta gaba. Na bar ta ta hau mota ta tafi gida ita kaɗai.

Na gaya wa kaina in na tashi aiki zan auna ta da kaina. Awa shida na yi ina gaya wa kaina haka, ina auna matan mutane, ina ce wa kowace ta kula da kumburi.

Da la'asar na shiga gida na same ta kwance a falo, ta rufe ido da hannu. Ta ce, "Yaya, wasu taurari nake gani, kuma nan ƙasan haƙarƙarina kamar ana soka min wuƙa." Na ɗauko abin awon jini. Ɗari da saba'in bisa ɗari da goma sha biyar. Ban san lokacin da na ƙwala wa Malam kira ba. A kujerar bayan mota na rungume ta, ina kiran sunanta, ina roƙon Allah Ya ɗauki duk abin da nake nema shekara tara, Ya bar min ita. Muna shiga ƙofar asibiti jikinta ya fara rawa.

Babbar Likita ta tarye mu. Allurai, ƙarin ruwa, jinin ya ƙi sauka yadda take so, da gari ya waye ta ce a ciro ɗan.

Mama ta iso, ta rungume ni tana kuka, wai ba don ni ba da ta rasa 'ya. Kowa sai sa min albarka yake. Ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ki rubuto min, ko zagi ne.

Taki,
Mai Sikeli

*

Zuwa ga 'yar ɗakina,

Assalamu alaikum. Ina fatan ku duka kuna cikin ƙoshin lafiya. Mai jego tana samun sauƙi, an sallame su ranar Alhamis, yaron ya fito daga kwalba yana kama nono. Na gode da amsarki. Kin ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma gaskiyarki.

Babbar Likita ce ta riga ni tayar da maganar. Ta kira ni ofishinta, ta rufe ƙofa, ta ajiye katin a gabana ta ɗora yatsa a kan lambar. Ta ce, "Rubutun waye wannan?" Na ce nawa. Ta ce ta riga ta yi da Mai Sauri, daga yau duk macen da nauyinta ya yi tsalle sai an gwada fitsarinta kafin ya buɗe baki. Amma shi shekararsa biyu a aiki, ni goma sha biyu. Sai na faɗa mata komai. Daga baya ta ce ba wannan ne karo na farko da ta ga irin ciwon da ke raina ba, kuma da ta lura da wuri da ta ɗauke ni daga teburin nan. Ta mayar da ni ɓangaren masu karaya na wata shida. Ban yi musu ba.

Jiya da hantsi na shiga wurin Auta. Mama ta fita kasuwa. Na zauna a bakin gado na gaya mata, tun daga daɗin da na ji ranar da aka yi mata faɗa har zuwa awa shidan nan. Ban rage komai ba. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta ce, "Da na mutu fa, Yaya?" Ta juya fuska bango, ni kuma na fito.

Har yamma ba ta neme ni ba. Yau da safe ina wanke-wanke na ji ta kira. Na same ta zaune, tana ƙoƙarin miƙewa, ɗinkin yana janta, yaron yana tsala kuka. Ta ce, "Ban yafe miki ba tukuna, kada ki zata. Amma karɓe shi, ki kama ni in tashi."

Na karɓe shi da hannu ɗaya, na ba ta ɗayan. Ya yi shiru a ƙirjina, ɗan kansa bai fi lemo ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, da ta dawo daga banɗaki ta miƙo hannu ta karɓe shi don ta shayar da shi, abin nan ya sake motsi a raina. Yana nan, bai mutu ba. Sai dai wannan karon na dube ta na ce, "Auta, ina jin kishinki." Ta gyara masa kai ba ta ɗago ba, ta ce, "Na sani. Zauna."

Na zauna.

Ki gaida maigidan da yaran, ki shafa min kan ƙaramar.

Taki har kullum,
Yayar Auta