Tabarma ta Uku

Yamai, unguwar Zongo
16 ga Afrilu, 1985

Zuwa ga ƙanena Idrisa, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah takardar nan ta same ka lafiya, kai da Zainabu da yara duka. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a sana'arka, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan muna nan yadda Allah ya bar mu. Mariya ta koma karatu a lakwal. Kande ta yi zazzaɓi kwana huɗu, amma ta tashi, har ta koma rigimarta. Zafi ya yi tsanani bana, kogi ya janye har mutane na taka tsakiyarsa da ƙafa. Takardarka ta ta'aziyya ta iso hannuna ranar Litinin, na karanta da kaina har sau uku. Na gode, Allah ya ba da lada. Allah ya jiƙan yayanka, ya haskaka kabarinsa, ya ba mu haƙurin rashinsa. A ƙarshen takardar ka ce tunda mai motar ya tafi, a rabu da ita, a nemi raƙuma a Tawa su kai wa Inna hatsin. Kafin in amsa maka, bari in gaya maka wani abu da ban gaya wa kowa a dangi ba.

Washegarin sadakar bakwai, Hamisu mai walda, abokin yayanka na kasuwar Katako, ya zo ya yi sallama a zaure. Ina cikin takaba, sai na amsa daga bayan labule. Ya ce yana so ya ga ƙarafan akwatin giyar motar, wanda ku kuke ce wa bwat, don ya san inda aiki ya tsaya. Na sa Mariya ta jawo masa babban daron wanki daga bayan ƙofa. Na ji ƙarar ƙarfe yana motsa su, sai kuma ƙarar ta tsaya. Na ce ko lafiya. Ya tambaye ni wa ya tara su wuri ɗaya, na ce ni ce. Ya ce ina tabarmin da suke a kai, na ce an zauna makoki da su. Sai ya ce inna lillahi, da irin muryar da ya faɗa ranar rasuwa. A nan na gane, Idrisa. Aikin da yayanka ya yi kwana arba'in yana jerawa, ni na kwashe shi da hannuna kafin ruwan wankansa ya yi zafi.

Ka san tun da damina ta ƙi bara hankalinsa ba ya nan, yana Gidan Aduwa wajen Inna. Hatsin taimako yana isa Tawa, amma manyan motoci ba sa wuce inda kwalta ta ƙare, yashi yana riƙe su. Jakunan garin sun mutu. Raƙuman da kake magana, waɗanda suka rage ko tashi ba sa iyawa, masu su suna nan Yamai a sansanin Lazare cikin bukkokin tsumma, mun gan su da idonmu. Ga iyakar Najeriya a rufe, ba a samun kayan mota sabbi. Shi ne ya ce tunda ba motar da za ta kai shi wajen uwarsa, zai haɗa ta da kansa. Ya bi bayan Katako inda ake zubar da matattun motoci, ya tsinto bashe uku, ƙananan motocin nan masu akori a baya. Ɗaya ta masu haƙar rijiya ce, mai jan ƙafa huɗu, gabanta ya ƙone amma ƙashin bayanta da ƙafafunta lafiya lau. Ɗaya shuɗiya ce da ta kife a hanyar Dosso, injinta bai yi komai ba. Ta ukun fara ce, tsufa kawai ya kashe ta, a jikinta ya ɗebi akori da ƙofa ɗaya da kujera.

Wata bakwai yana wannan aiki a rumfar Hamisu. Sun yanke ƙashin bayan sun ƙara masa tsawo, sun ɗaga ta sama har Kande na shigewa ƙarƙashinta ba ta sunkuya ba. Ya sa mata tayoyi masu faɗi, ya yi wa duro biyu mazauni, ɗaya na ruwa ɗaya na mai, ya rataya wasu faranta na ƙarfe masu huji a gefe, ya ce idan ta nutse a yashi su ake shimfiɗa mata ta taka. Ƙofar dama shuɗiya, ta hagu fara, goshin ba fenti ko kaɗan. Masu katako na layin suka sa mata suna Dambu, wai ba abin da ba a zuba a ciki ba. Kullum sai sun tambaye shi ko dambun ya nuna, shi kuma ya ce musu su wanke hannu su jira. Shi a bakinsa Taguwa yake ce mata, wato raƙuma. Ranar da injin ya tashi ya dawo gida da baƙin mai har kunne, yana dariya kamar yaro, ya ci tuwo malmala uku. Ban ƙara ganin ya ci abinci haka ba.

Bwat ɗin ne ya tsayar da shi. Ya bayyana mini, ga yadda na gane: injin na wata mota ne, ƙafafun na wata, ba sa jin maganar juna sai an yi musu akwatin da zai shiga tsakani. Sai ya farke akwatunan motocin nan uku, ya ce daga cikinsu zai fitar da guda. Ya ƙi yin aikin a kasuwa, wai ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ɓata shi, ya kwaso komai ya kawo zaurenmu. Ya shimfiɗa tabarmi uku. Duk ƙarfen da ya gwada ya dace, sai ya ajiye shi a mazauninsa, daga dama zuwa hagu, sahu sahu. Bai rubuta komai ba, ka san shi da alƙalami. Jerin nan shi ne takardarsa. Ya hana kowa bin zauren, muka koma shiga ta ƙofar maƙwabta. Ni kaɗai ya yarda in shiga da safe in share gefe gefe da ɗan tsintsiya, shi ma yana tsaye a kaina yana cewa Tabawa a hankali, kamar ƙwai nake sharewa. Ranar Talata ya ce mini ya gama gwaji, Juma'a bayan masallaci zai rufe akwatin. Laraba ya tashi da ciwon kai. Alhamis wuyansa ya sanƙare. Asabar da hantsi Allah ya karɓi abinsa a asibiti.

Ranar nan gida ya cika kafin a dawo da shi. Makoki uku ake yi a layinmu a makon, duk tabarmin maƙwabta suna wasu gidajen. Aka aiko daga waje cewa dattawa na tsaye a rana ba abin zama. Ban yi tunanin komai ba, ban ma san ina tafiya ba. Na shiga zaure na ɗaga bakin tabarma na zazzage a daro, na ɗaga ta biyu na zazzage, na ɗaga ta uku. Abin da kawai ya zo mini a rai shi ne kada baƙin mai ya ɓata rigunan mutane, sai na ce a kife biyun a shimfiɗa su ta baya. Ta ukun sabuwa ce, ƙananan abubuwa ne a kanta waɗanda ya wanke tas, ba ta da datti sosai. Ita na miƙa wa masu wanka, a naɗe shi a ciki a kai shi. Na ga ita ta fi dacewa da shi.

Hamisu ya ce shi mai walda ne, haɗa ƙarfe da wuta ya iya, cikin bwat ba gonarsa ba ce. Ya kawo makanikai biyu, suka tsuguna gaban daron suka juya suka juya. Suka ce ƙarafan motoci uku ne a gauraye, suna kama da juna, wasu kuma marigayin ya goge su da hannunsa, ba littafin da zai nuna mazauninsu. Ɗayan kafin ya fita har ya tambaya ko za a ba shi injin ya sa a taksinsa. Masu sayen ruɓaɓɓen ƙarfe kuma sun fara zagaya rumfar Hamisu suna ƙwanƙwasa jikin Taguwa. Na yi kwana uku ban iya kallon daron ba. Kukan da na yi a kwanakin nan ya fi na ranar rasuwa, don ranar rasuwa ba ni na yi ba.

Rana ta huɗu da safe na ce bari in kakkaɓe tabarmin nan biyu in naɗe. Da na juya ta farko sai na tsaya. Kowane ƙarfe ya bar inuwarsa da baƙin mai, da'ira da'ira, har haƙoran ana iya ƙirgawa. Kifewar da na sa aka yi ita ta tsare su, mutane sun yi kwana bakwai suna zaune a kai ba su goge ba. Mai takaba ba ta da abin da ya fi lokaci. Na jawo daron, na riƙa ɗaukar ƙarfe ɗaya ɗaya ina ɗora shi kan inuwa, idan bai zauna daidai ba in ɗauke in gwada wani. Mariya idan ta taso lakwal ta ƙirga mini haƙora, idonta ya fi nawa. Wasu kuma ashe na riƙe su a kai ban sani ba. Akwai wani mai tsini da ke kusa da ƙofa, na san shi don kullum sai ya kama mini bakin zane in ina shara. Kwana tara muka yi. Da Hamisu ya zo ya gani ya daɗe yana zagaya tabarmin, sannan ya yi dariya, ya ce in na fita takaba zai ɗinka mini shuɗin kayan aiki ya ba ni rumfa a Katako. Ni ma na yi dariya, karon farko.

Sai na roƙe shi ya je ya tambayi waɗanda suka kai yayanka maƙabarta ina tabarma ta uku, ko an ba wani sadaka ne mu bi sawu. Ya dawo da la'asar ya ce ba ta dawo ba. Da suka jera itace a kan kabarin, ba ganye ba ciyawa da za a rufa kafin a sa ƙasa, dabbobin 'yan gudun yunwa sun cinye duk abin da ke maƙabartar. Shi ne suka shimfiɗa tabarmar a kan itacen. Tana tare da shi. Na ce alhamdu lillahi, ta yi masa amfani. Abin da ke kanta yana nan cikin ƙaramin kwanon sha: zobba sirara arba'in da ɗaya, da wasu 'yan ƙusoshi. Wasu zobban kamar takarda, yayanka ya yanke su da kansa daga gwangwani. Hamisu ya ce su ke shiga tsakanin manyan, in aka sa mai kauri inda siriri yake, motar za ta tashi lafiya, sai an yi nisa cikin daji akwatin ya ci kansa.

Idrisa, ga dalilin takardata. Wata rana ina shara na ce wa yayanka idan kaza ta shigo ta watsa jerin nan fa? Ya ce duk duniya mutum ɗaya ne zai iya mayar da shi, kai, don hannu ɗaya ya koyar da ku a Tawa, kuma kai ka fi shi jin kaurin zobe da farce. Bai taɓa faɗa maka ba, na sani, yayanka ba ya yabon mutum a gabansa. Ni dai na tuna lokacin da kake zaune wurinmu, ko cokula na ba ka ka ajiye sai ka jera su daga dama zuwa hagu, kana ce wa miyata ruwan radiyata, kana kuma neman ƙari. Ba na ce ka bar aikinka ba. Kwana goma nake roƙo.

Lokaci ne ba mu da shi. Takardar izinin fita da hatsi da ya samo, wadda ake nuna wa soja a shingayen hanya, ƙarshen Mayu take ƙarewa. Sunansa ne a kai, amma Hamisu ya tambaya an ce ana iya mayar da ita sunan ɗan'uwa uba ɗaya in ya zo da kansa. Azumi ya kusa, in kuma Allah ya kawo ruwa ƙoramu za su yanke hanya. Buhun gero biyar da ya tanada suna ɗakina, kusa da su nake kwana. Mu jar dawar taimako muke ci, ban kwance ko ɗaya ba, na Inna ne. An yi sanarwar rasuwa a rediyo sau biyu, ba wanda ya zo daga Gidan Aduwa, ba saƙo, ina jin ba mai batir a garin. Saƙonta na ƙarshe tun watan Janairu ne, ta bakin wani mai tafiya: wai a gaya wa ɗanta Bawa kullum da yamma tana fita bakin gari ta zauna, tana sauraren ƙarar mota. Yanzu kai ne babba a gidan nan. In ka zo ka duba ka ce a rabu da ita, ba zan yi maka musu ba. Amma ka zo ka duba tukuna.

Ka gaishe mini da Zainabu da kyau, na gode da zanen da ta aiko, Allah ya bar zumunci. Ka shafa mini kan yara. Ka gai da Malam Abdulaye mai masaukinku da duk mutanen Tawa da ke nan tare da ku. Mariya da Kande suna gai da Baba Ƙarami, Kande ta ce in rubuta cewa ita za ta zauna gaba. Hamisu yana gaisuwa, ya lulluɓe Taguwa da tamfol, ya ce ba mai taɓa ta yana raye.

Tabarmi biyu suna zaure a jere, ina share gefensu kowace safiya. Zobba arba'in da ɗaya suna cikin kwano. Ba a rufe akwatin ba, ba a kai geron ba, kuma Inna ba ta san ɗanta ya rasu ba.

Ni ce matar yayanka,
Tabawa