Furanni a Filin Jana'iza

Jibiya

Zuwa ga Yaya Mujahid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Na'ima da yara. Tunda an katse layin waya, na ba direba takardar nan ya kawo maka Kaduna, don maganar ba ta jira.

Yaya, raina ya ɓaci. Jiya aka cire kwanon da aka kewaye filin tsohon gidan kwastam da shi, na je na ga aikin da ka zana wa hukuma. Dakali nan, lambatu can, furanni a zagaye kamar an jera faifai, hanyoyi duk a karkace. Ka manta nan ake sallar gawa? Tun kakanni nan ake ajiye makara, don dangi na Maraɗi su tsallako su sami sahu. Yanzu a ina maza za su jeru su fuskanci gabas? Baba yana kwance, ko kunu sai da lallashi, kuma ka san burinsa a sallace shi inda aka sallaci mahaifinsa. Ka zo ka gyara ɓarnarka.

Ka huta lafiya. Ƙanwarka,
Amatullahi

Kaduna

Amatullahi,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na kuma gode da rashin kunya. Allah ya ba Baba lafiya.

Ɓarna kika ce? Gidan kwastam ɗin ginin ƙasa ne, ruwan damina ya cinye masa gindi, awaki suna kwana a ciki, 'yan bumburutu sun mai da inuwarsa wurin jera jarkoki. Lambatun da kike zagi shi zai hana bangon zubewa. Kuma ba a ɓoye na yi aikin nan ba. Na tara dattawa a gindin darbejiya, na baje zanen, na bi shi daki-daki, na ce mai gyara ya yi magana. Baba yana zaune a gaba. Ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba, sauran suka ce Allah ya sa alheri, aka shafa fatiha. Ni da aka tura karatu tun ina ƙarami, wa ya tuna mini da makara ranar? Sai da siminti ya bushe za ku sako ni a baki. Fasa shi sai an nemi izini daga sama. Zan nema, amma ba abin yau ko gobe ba ne.

Ki gaishe da Inna da maigidanki Sadisu.

Yayanki,
Mujahid

Jibiya

Yaya,

Salamu alaikum. Gaisuwa dai ta wajibi ce, amma wallahi takaici ya ishe ni.

Kai ne ɗan fari. Tun da aka haife ka, ka taɓa jin Baba ya kira sunanka? Ya taɓa haɗa ido da kai? Mutumin da kunya ta hana shi yaba ka a gaban jama'a, ita za ta bar shi ya kushe ka a gabansu? Dattawa kuwa da suka ga uban yaro ya yi shiru, suka ja bakinsu don kada su kunyata shi. Kowa a wurin ya gane shirun nan sai kai. Da ka bi ta wajen Kawu Uwaisu bayan taro, da ka ji komai.

Shekaranjiya Baba ya sa aka ɗauke shi a mota ya ga filin. Ya daɗe yana kallo. Sadisu ya ce abin da ya faɗa kawai shi ne, "Yaron ga ya iya aiki." Da suka juyo sai hawaye a idon Baba. Mutanen unguwa sun ce ranar da ta Allah ta kasance, da diga za su fito su share furanninka, izini ko babu izini. Ni ma da namiji ce, da ni zan riƙe ta farko.

Ƙanwarka,
Amatullahi

Cikin gida

Yaya,

Sannu da hanya, ya haƙuri. An ce ka iso bayan an dawo daga maƙabarta. Na ba Inna wannan ta aika maka zaure, don ba zan iya ganinka yau ba.

Maza sun fito da diga. Kawu ya tare su, ya ce Baba ya bar wasiyya: "Kar wanda ya taɓa mashi aikinshi." A gefen titi aka sallace shi, bayan manyan motoci, direbobi suna jiran a sallame su wuce.

Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri.

Amatullahi