Layin Biro a Hannun Baba

Litinin, 3 ga Maris

Shekaranjiya zarto ya yanki Baba a hannun hagu. Ya ɗaure da tsumman goge fenti ya ci gaba da aiki, wai kafinta ba ya kuka da yanka. Yau wurin ya kumbura, ya yi jawur, jikinsa zafi rau. Inna ta ce asibiti. Na ce a'a. Na ɗauko littafin koyon aikin jinya da na saya wajen mai tsofaffin littattafai, na yi musu bayani: ƙwayar cuta tana zuba dafi, jiki ya ji, ya buɗe hanyoyin jini ya turo sojojinsa, shi ya sa kumburi da zafi. Zazzaɓin nan makami ne, a bar shi ya yi aikinsa. Yaya ta ɗago daga keken ɗinkinta ta ce, "To Farfesa, a ina aka yi digirin?" Na ce a inda ba a koyar da kafa maɓalli. Baba ya yi dariya, ya ce a ƙyale ni, duk gidan na fi kowa karatu.

Laraba, 5 ga Maris

Jan ya kai gwiwar hannu. Jiki na yaƙi. Haka littafin ya ce.

Alhamis, 6 ga Maris

Da safe Baba ya kira ni da sunan ƙanensa, wanda ya rasu tun ban iya tafiya ba. Yana ta karkarwa, yatsunsa sanyi ƙalau. Maƙwabcinmu ya kai mu asibiti a motarsa.

Wata nas, gajera, biro maƙale a aljihu, ta ce kwana nawa? Yaya ta ce biyar, tana kallona. "Wa ya ce ku jira?" in ji nas ɗin. Ta zare biron ta zagaye bakin jan da layi, ta rubuta lokaci a kan fatar Baba sai ka ce katako. Wai idan ya tsallake layin a kira ta. Na fara gaya mata na san yadda kumburi ke aiki. Ta ce, "Matsa, ka tare min haske."

Juma'a, 7 ga Maris

Ya tsallake. Faɗin yatsu biyu.

Sun sa masa ruwa, sun yi ta ɗura allurai, amma ya fi jiya lalacewa. Awon jininsa sai ƙasa yake yi. Na tare likita a baranda, na ce maganinku ne ke kashe min uba, ku da fararen rigunanku ko kaza ba za ku iya warkarwa ba. Sai da mai gadi ya riƙe ni. Inna ta rufe fuska da mayafi.

Da rana Mai Biro ta same ni a kan benci. Na zaci zagi za ta rama. Ta ce abin da na karanta gaskiya ne, muddin faɗan yana wuri ɗaya. Amma idan dafin ya shiga jini, jiki gaba ɗaya ke ruɗewa: sojojin su yi ta harbi ko'ina, jijiyoyi su saki, ruwa ya riƙa tsiyaya daga cikinsu, jini ya kasa isa ƙoda da ƙwaƙwalwa. Wani lokacin ma idan magani ya farfasa ƙwayoyin, dafin cikinsu kan ƙara zubowa kafin a ga sauƙi. "Littafin naka bai faɗa ba?"

Na dawo gida na duba. Shafi na 112, sai na 129. An yage tsakiyar.

Na sani. Tun ranar da na saya na gani. Na ce ai na fahimci sauran.

Asabar, 8 ga Maris

Yanzu rayuwata ta koma kallon jakar fitsari. Mai Biro ta ce ita ce ke nuna ko ƙoda na nan. Tun safe ko rabin kofin shayi bai taru ba. Ni da nake gardama da masu digiri a shagon aski, yau ga ni durƙushe ina roƙon Allah fitsari.

Inna ta miƙo min abinci ta ce, "Ci, ka rame." Da ma marina ta yi.

Lahadi, 9 ga Maris

Sun shiga da shi ɗakin tiyata sun yanke naman da ya mutu. Likita ya ce idan jan ya tsallake sabon layin, sai dai a yi maganar hannun gaba ɗaya. Hannun da yake danne katako da shi. Na je shagon Baba, rabin kujerar da yake haɗawa tana nan yadda ya bar ta, tsumman a ƙasa. Na ɗauki littafin zan cinna masa wuta, na fasa. Shi bai yi ƙarya ba.

Litinin, 10 ga Maris

Yaya ba ta ce min Farfesa ba kwana huɗu ke nan.

Laraba, 12 ga Maris

Jakar ta kusa rabi. Na duba sau uku, na sa Yaya ma ta duba. Jan ya ja baya daga layin, kamar faɗin farce, fatar wurin ta ɗan yi tamoji.

Wajen la'asar Baba ya buɗe ido, ya gane ni, ya kira ni da sunana. Ya kalli bandejin, ya motsa yatsu, uku suka amsa. Murya can ƙasa ya ce, "Farfesa, sauran biyun fa? Me littafin ya ce?"

Amsa ta zo min har bakina, na san wani abu kan jijiya. Na ce, "Ban sani ba, Baba. Bari in kira nas."

Yaya ta bi ni da ido har ƙofa. Ba wani abu ba ne. Nas ɗin ce ke da biron.